Rumfar Alhamis a Geeveston

Babana Alwyn zai cika saba'in ran Lahadi,
ni kuwa har yau hannuna wayam.
Me za ka ba mutumin da zartonsa bakwai,
kowanne da ƙusarsa a bango,
kowanne an zana inuwarsa da fensir
don a san wanda ya fita yawo bai dawo ba?

Bara na kai masa safar hannu.
Ya yi godiya har sau biyu,
ya shimfiɗa wa kyanwa ita a kwali.

Sai na yi sammako, na bi ta gonakin tuffa,
raɓa na ɗiga, kogin Huon na tururi,
zuwa rumfar da tsofaffi ke haɗuwa ran Alhamis,
don na san yau yana Hobart wajen likitan ido.

Ƙamshin katako ya tarye ni tun daga ƙofa.
Merv ya ɗaga tabarau, ya ce, "Kakin zuma.
Ba ya yawa, ba ya lalacewa."
Clarrie mai yatsu tara da rabi ya ce, "Fensir, dozin biyu.
Kafinta da fensir, kullum ɗaya na neman ɗaya."
Dulcie ba ta ko tsayar da aikinta ba:
"Kada ki saya masa kurfi.
Kurfi takalmi ne, mai ƙafa ke zaɓa."

Nan ne Trent, sabon zuwa, ya zuge jaka.
"Ga man goge katako, ni nake haɗawa,
kwalba uku a kuɗin biyu,
ga katina, ga lambata, yau kaɗai rangwamen,
kuma wa ma zai ƙi..."

Wani ya kashe inji.
Shirun ya fi ƙarar zarto kaifi.

Merv ya hure garin katako daga hannun riga.
"Yaro, nan ba kasuwa ba ce.
Da tambaya ta zo, ba da jakar kuɗi ba.
Ga allo can bayan ƙofa, kusa da butar shayi,
manna takardarka, ƙarama, sau ɗaya a wata.
In an tambaye ka, ka ce naka ne, kada ka ɓoye.
In na wani ya fi naka, shi ma ka faɗa.
Wanda ya yi shara da mu shekara guda
ba sai ya yi shela ba.
Haja mai kyau ƙafa gare ta."

Kunnuwan Trent suka yi ja kamar tuffar kaka.
Ya rufe jaka. Ya ɗauki tsintsiya.

Har na kai mota, Dulcie ta biyo ni.
"Bishiyar da mahaifiyarki ta dasa,
wadda iska ta kayar shekara biyu da rasuwarta,
kun ƙone ta?"
Na ce tana bayan gidana, ƙarƙashin kwano.
Na sha ɗauko gatari, ina mayarwa.

Ran Juma'a Clarrie ya zo da babban zarto,
Trent na biye da shi, yana jan igiyar wuta.
Suka tsaga ta gida huɗu, ba wanda ya yi maganar kuɗi.
Bayan sun tafi na ga kwalba ɗaya a kan shinge,
ba kati, ba lamba.

Lahadi, Baba ya kwance igiyar da na ɗaure su.
Ya bi jijiyar itacen da babban yatsa,
ya kai hanci, ya daɗe bai ɗago ba.
"Ya bushe daidai," in ji shi,
muryar kamar an bi ta da sanfefa.
"Riƙe mini can ƙarshen.
Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

Na riƙe. Ban tambayi me zai yi da shi ba.
Ya laluba aljihu, ya ɗaga guduma, ya leƙa ƙasan tebur,
yana tsaki, yana zargin kyanwa.
Na miƙa hannu,
na zaro fensirin daga bayan kunnensa.